Ranar da Aka Yi Mini Ruƙiyya a Kan Tsamiya

Sana'ata gyaran itatuwa ce. Yawancin shekara ina wani gandu a wajen Ɗambatta, inda nake kula wa wani attajiri da layukan darbejiya da turare. Ina rage masu cunkoso, in sare waɗanda suka isa dirka in bar kututturen ya sake tofo, in share hanyar wuta kafin hunturu ya busar da ciyawa, sauran lokacin kuma in yi ta rigima da awakin mutane. Da bazara ta zo ƙarshe, wajen watan Mayu, sai waya ta hana ni sakat. Lokacin ne kowane magidanci a birni yake tunawa akwai reshe a saman kwanonsa, don ya hango hadarin farko ya haɗo a gabas.

A irin wannan lokaci wani Alhaji a cikin birnin Kano ya aiko a kira ni. Tsamiya ce a ƙofar gidansa, tsohuwa tukuf, mutum uku ba za su haɗa hannu su zagaye gindinta ba. Wani reshenta ya tsallake katanga yana gugar kwanon maƙwabci, maƙwabcin kuma har ya kai ƙara gaban mai unguwa. Alhaji bai gaya mini cewa masu inji da dama sun zo sun duba sun ce za su dawo ba. A teburin mai shayi na ji wannan, na kuma ji dalili: wai tsamiyar gidan aljanu ce tun kaka da kakanni, ko yara ba sa taɓa 'ya'yanta sai wanda ya faɗo don kansa.

Ni abin da nake shakka a tsamiya daban ne. Darbejiya baƙuwa ce, asalinta Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, kuma har yau tana da kunyar baƙunta: ka sare ta bana, baɗi ta yi maka sabon kai. Tsamiya kuwa 'yar gida ce, ga nawar girma ga taurin tsiya, zuciyar icenta tana dakusar da haƙoran sarƙa kafin ka kai rabi. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kuwa, duk minti ɗaya da inji ya yi yana ruri a aljihuna nake jinsa.

"Haba Malam, ai reshe ɗaya ne tal," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, reshen nan ya girmi wata bishiyar."

Ciniki bai faɗa ba sai bayan Azahar. Na je na karɓo takardar malamin daji, don ba a taɓa babbar bishiya a gari da ka, na dawo La'asar ta yi. Alhaji ya ba ni rabin kuɗi, ya sa aka fito mini da dogon tsanin gidansa, ya ce zai je gaisuwar rasuwa yanzu zai dawo. Na tura yarona gidajen maƙwabta ya ce za a hau sama, mata su kintsa. Na ba shi wayata ya riƙe, na hau, na ɗaure ƙuguna da gajerar igiya, na jawo ƙaramin inji da doguwar.

Babban reshe ba a yanke shi faɗa ɗaya. Ana fara rage shi daga baki, gunduwa-gunduwa, kowace a ɗaura mata igiya a sauke ta a hankali. In an zo ga mai nauyi, sai ka fara shiga ta ƙasa kamar sulusin kaurinsa, sannan ka koma ta sama ɗan gaba kaɗan, don kada nauyi ya yage ɓawon har jikin uwar. Guntun da ya rage shi ake gyarawa daga ƙarshe, a bar ɗan kumburin nan na gindin reshe, domin daga nan ciwon yake rufewa. Duk wannan na sani. Amma a ƙasa akwai mutum wajen talatin da suka fi ni sani, kowa da hannu a baya, kai a sama.

"Malam, ta nan za ka bi!"

"Kai, zai faɗo wa katanga!"

Na roƙi biyu daga cikin waɗannan malamai su taya yarona riƙe igiya. Gunduwa uku suka sauka lafiya. Ina cikin ta huɗu sai na ji ƙarau, tartsatsi ya tashi, inji ya yi tsalle a hannuna. Wata tsohuwar ƙusa ce da itacen ya haɗiye tun ban san ranar ba, kuma duk mai wannan aiki ya san bishiyar cikin gari rumbun ƙusoshi ce. Sai dai wannan ba ita kaɗai take ba. A jikinta akwai wata laya, fatar ta yi baƙi ƙirin, girgizar inji ta ɓalle ta, ta sauko tana juyi ta faɗa tsakiyar taron.

Ban taɓa ganin layi ya share da sauri haka ba. Masu riƙe igiya suka saki, gunduwar ta tafi da ita gaba ɗaya, doguwar igiyata ta zube a ƙasa. Sarƙa kuwa ta tashi aiki. Na ƙwala wa yarona kira, na ce ya hau mashin ya je wurin wani abokin sana'a ya karɓo wata sarƙar da magagari. Ya tafi, da wayata a aljihunsa.

Abin da ya faru bayan nan daga baya aka ba ni labari. Wani yaro ya zo daga bayan layi, wai a ba su aron tsani za a ja wayar fitilun biki. Hajiya daga ciki ta aiko a duba ko mai aiki ya gama. Ɗan aiken ya leƙa, bai ga mashin ba, bai ji inji ba, ya koma ya ce ya tafi. Ni a lokacin na haura can cikin ganye ina duba wani kogo. Da na sauko inda tsani yake, babu tsani. Daga reshen farko zuwa ƙasa ya kai tsayin mutum uku, ƙasan kuma daɓen siminti ne, ga ni ba yaro ba.

Na zauna. Na tuna kawuna na Maraɗi, wanda a wurinsa na fara koyon riƙe adda. Su can sassabin zamani suke yi, wanda Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya fara yaɗawa a 1983. Ka sami kututturen gawo ko kalgo a gona, ka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka share sauran. Da wannan aka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a gonakin Nijar, kuma duk aikin a tsaye ake yin sa, ƙafa biyu a ƙasa. Da na zauna wurin kawu, da yanzu ina shan fura.

Aka kira Magariba, babu wuta, layi ya yi duhu. Garin katako ya rufe ni fari fat tun daga gira har ƙafa, ga gilashin aiki a goshi, ƙura ta shaƙe mini murya. Wata yarinya mai tallar awara ta zo wucewa, na tattaro ladabina na ce, "Salamu alaikum, 'yammata." Ta ɗaga kai. Farantin ya yi gabas, ita ta yi yamma.

Kafin a jima an cika, amma daga nesa, kowa da fitilar waya. Na ce jama'a ni ne mai gyaran bishiya. Wani dattijo ya rantse da idonsa ya ga mai gyaran bishiya ya hau mashin ya gudu tun da laya ta faɗo. Wani ya ce ai su ɗaukar murya ba ta yi musu wuya. Aka tafi aka zo da mai ruƙiyya, saurayi mai tsabta da gorar ruwa a hannu. Ya yi karatu mai daɗi, ni ma ina binsa a zuci, sannan ya fuskanci bishiya.

"Kai Musulmi ne?"

"Alhamdu lillahi, Malam. Ko Magariba ban yi ba."

"Daga ina ka zo?"

"Daga Ɗambatta."

Aka yi salati. Wata murya ta ce dama an ce na wajen nan sun fi taurin kai.

"Tun yaushe kake cikin wannan bishiya?"

"Tun La'asar."

"Ƙarya kake! Kakanninmu sun san da zamanka."

"Malam, don Allah tsani nake so."

Ya juya ya gaya wa jama'a kada a biye mini, haka suke, yau tsani gobe baƙin bunsuru. Ya sa aka kawo kasko da garwashi, aka tura shi gindin bishiya da doguwar sanda, aka zuba habbatus sauda. Wata tsohuwa, Allah ya saka mata, ta ga abin bai isa ba ta ƙara barkono. Hayaƙi ya taso ya same ni daidai inda nake. Na yi tari, na yi atishawa, hawaye na zuba, na rungume reshe ina ihu. A ƙasa kuwa murna ake, wai ya fara ƙonewa.

Sai bayan Isha'i yarona ya iso yana tura mashin, taya ta yi faci a hanya. Ya kutsa cikin taro ya ɗaga kai ya ce, "Oga, ba ka sauko ba?" Aka yi tsit. Masu biki suka ce ba za su ba da tsani ba sai sun gama ɗaura ƙwan ƙarshe, kuma sai da suka gama ɗin.

Washegari na dawo da sabuwar sarƙa na ƙarasa aikin, yarona zaune a kan matakin tsani na ƙasa bisa umarnina. Da aka zo biya, Alhaji ya zaro takarda. Ya cire kuɗin awara da faranti, ya cire sadakar mai ruƙiyya, ya ce tunda a kaina aka yi karatun ni na amfana. Abin da ya rage bai kai kuɗin sarƙa ba.

Mai ruƙiyyar nan yanzu sai da layi ake ganinsa, don duk unguwa ta shaida ya sauko da na kan tsamiya. Ni kuwa na sayi tsanina, na sa masa sarƙa da kwaɗo. Duk mai reshe a saman kwano ya neme ni kafin ruwa ya sauka, amma ya sani kuɗina duka nake karɓa tun ina ƙasa.