Mutanen da Mai Gyaran Gida Yake Gamuwa da Su a Gazawa

Duk wanda ya daɗe a Kano ko Abijan ko can Faransa, sa'an nan Allah ya hore masa abin hannu har ya ƙudura niyyar komawa Gazawa, garin nan na bakin babbar hanya tsakanin Maraɗi da Tasawa, don ya ta da gidan kakanninsa da damina ta cinye wa katanga, lalle ne ya sani cewa akwai jama'a kashi-kashi waɗanda aka ƙaddara masa mu'amala da su, ko ya so ko ya ƙi.

Na farko su ne masu fatawa ba a tambaye su ba, waɗanda ke shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro tun hantsi, su shiga muhawara a kan ginin da ba su da ko dala a cikinsa. Wannan ya ce rufin kwano shi ne wayewa, wancan ya rantse azara da ƙasa sun fi sanyi, na uku ya kawo hujja a kan fifikon simintin Malbaza bisa na Najeriya, alhali bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Ba sa yin ijma'i sai a kan mas'ala guda, watau lokacin kawo fura ya yi.

Na biyu shi ne magini, mutum mai ladabi, wanda bai taɓa cewa a'a ba. Idan ya karɓi kafin alƙalami sai ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, gobe in sha Allahu," amma goben nan tasa takan ratsa ta ranar kasuwa, da suna, da ta'aziyya a Gidan Rumji, har ruwan fari ya sauka, ya ajiye katanga rabi ya tafi shukar gero. Wanda ya yi masa faɗa ya jahilci gari, domin a nan rani ne lokacin gini, damina kuwa ta gona ce, ba a ganin ma'aikaci sai an ɗaure damma an haƙe aya.

Na uku maƙwabci ne masanin iyaka, dattijo wanda tun zamanin da ake zuwa Agye neman takarda, kafin a ware wa Gazawa nata yanki a 2011, bai taɓa rubuta kome ba, amma ya haddace kowane taku. Ranar da aka ja igiya zai fito da sanda ya ce, "Ɗana, ni da mahaifinka muka kafa dangar nan, daga kututturen gawon can ta tashi," ko da yake gawon ya daɗe da zama toka. Maganinsa gaisuwa da goro, da alkawarin cewa indararo ba zai zuba a tsakar gidansa ba.

Na huɗu dangin siminti ne, waɗanda nasabarsu ba ta bayyana sai mota ta sauke kaya. Kowa ya zo da kwanonsa aron ɗan abin toshe ramin ɓera a rumbu, aron da ba a biyansa sai ranar hisabi.

Na ƙarshe, wanda ya fi su duka ban dariya, shi ne mai gidan kansa. Yakan iso da zane a takarda, ya umarta a rushe zaure a yi wa mota ɗaki, a buɗe manyan tagogin gilashi, yana lissafi da naira ko kuɗin Turai, ana ce masa dala ashirin yana miƙa abin da ya fi jaka. Idan bazara ta kama, kwano ya ɗau zafi, sai ga shi a waje da tabarma. Idan baƙi suka yi sallama, ya rasa inda zai sauke su ba tare da sun keta hurumin iyali ba. A nan ne yake aika yaro a kira magini, ya roƙe shi a asirce ya mayar da zauren yadda yake, magini kuwa ya dube shi da tausayi ya ce gobe in sha Allahu.