Ni da Jita da Ɗumame

An tona mini asiri, kuma ba kowa ya tona ba sai ɗan cikina. Yaron nan ya je teburin mai shayi ya baza labari, wai kullum Asabar da safe in an kawo wa Baba ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, sai ya tura ƙyauren zaure, ya jawo wata tsohuwar rikoda mai cin kaset, ya saki kiɗan waɗansu Turawa masu gashi buzu-buzu, yana kai loma yana kaɗa kai. Tun ranar ban huta ba. Wanda ya gan ni a hanyar masallaci sai ya yi murmushi. Mai kanti har tambayata ya yi ko lafiya. To, na amsa laifina, ni ne. Ina jin rok, tsohon rok na shekarun 1960 da 1970, kuma da ɗumame nake jin sa. Gyara zama, Malam, na ga leɓenka yana motsi.

Ka ce me? Hayaniya ce kawai? Kai ɗin? Kai da kake kwana da janaretan maƙwabci a cikin kunne, ka tashi da injin niƙa, ka yini cikin hon ɗin 'yan A Daidaita Sahu, yau kai ne alƙalin hayaniya? Sannu, mai kunnen auduga. Je ka nemi "Sultans of Swing" ta Dire Straits, wadda ta fito a 1978, ka kasa kunne. Mai jitarsu, Mark Knopfler, ba ya riƙe ɗan falankin nan da sauran makaɗa ke kaɗa tsirkiya da shi. Da yatsunsa yake tsinkar ta ɗaya bayan ɗaya. Wato mutumin nan da hannu yake cin tuwonsa, cokali na baƙi ne. Ni kuwa duk inda na ga mai cin tuwo da hannu na san ɗan gida ne, ko da a Birtaniya aka yanke masa cibiya. Abin da ka ji a majalisa jita-jita ce. Abin da nake ji a zaure jita ce. Akwai bambanci.

Ka ce ai ko Turancin da suke yi ba na ji? Gaskiyarka, rabi nake tsinta, rabi iska ta kwashe. Amma tsaya tukuna. Ba kai ne ka haddace waƙoƙin finafinan Indiya tun kana firamare ba? Ba kai ne kake rera su a makewayi har da karya wuya ba? Fassara mini baiti ɗaya. Ɗaya tak. Ka ga ka yi shiru. Shekara nawa Bahaushe yana zubar da hawaye a kan waƙar da bai san ko zagin sa ake yi a ciki ba, ba wanda ya ce ya zauce. Ni da na canza nahiya kawai, sai a ce a nemo mini mai ruƙiyya.

Bari in gaya maka inda na kamu, don kada ka ce aljanu ne. Kawuna ne sila. Ya yi aiki a Legas, ya dawo gida da akwatin ƙarfe, rabinsa tufafi rabinsa kaset. Wata safiya ta hunturu, ina ɗan yaro, ni da shi muna gaban kwano ɗaya a zaure, tuwon jiya ya sha wuta ya yi ɓawon nan mai ƙamshin ƙauri, man shanu yana narkewa a kan miya. Sai kawu ya miƙa hannun hagu ya danna rikoda. Ganguna suka fara, jita ta biyo baya tana kuka kamar goge. Na tsaya da loma a hannu na ce, "Kawu, wane ne wannan?" Ya ce, "Santana." Na ce, "Santi?" Ya yi dariya har ya ƙware. To ai ban yi kuskure ba. Mene ne santi in ba abin da daɗi ke sa baki ya faɗa ba tare da shawarar mai shi ba? In Carlos Santana ya lumshe ido ya bar yatsu suna yawo a wuyan jita, santi yake yi, sai dai nasa ana biya a saurara. Daga ranar kunnena da harshena suka ƙulla amana. In na ji ƙamshin daddawa sai in nemi jita, in na ji jita sai yunwa ta taso.

Kuma mun sha wuya a kan kiɗan nan, ba irin ku 'yan latsa waya ba. Batir in ya yi sanyi, rana muke shanya shi a kan katanga, mawaƙi ya dawo da muryarsa bayan ya koma kamar mai jin barci. In za a maimaita waƙa, biro ake zura wa kaset a yi ta juyawa don a tsimi batir. Ranar da rikoda ta tauna kaset kuwa, zaman makoki ake yi, a zaro zaren a hankali kamar ana tiyata, a liƙe da jan farcen da aka sato a ɗakin amarya. Abin da ka yi wa wannan hidima ba ka sakin sa don wani ya harare ka a layin burodi.

Yauwa, ga babbar hujjar taka ta iso, na san da ita ka kwana. Ka ce kiɗan Turawa ne, ba namu ba, kowa ya tsaya a kan gadonsa. Madalla da ɗan kishin gida. To miƙo tsiren da ke hannunka. Barkonon da ke cikin yajin nan daga nahiyar Amurka ya fito. Gyaɗar da aka yi ƙuli-ƙulin yajin da ita, wadda muka taɓa tara dala-dala a Kano har duniya ta san mu da ita, asalinta Amurka ta Kudu. Tumatir ɗin da aka yanka maka a gefe, can ne. Masarar tuwonka, can ne. Rogon garin kwakinka, can ne. Dukkansu jiragen ruwa ne suka tsallako da su bayan shekarar 1500. Ka cinye rabin gonar Amurka ka siɗe hannu, sannan ka zo kana hana ni jin jitarsu? In gado ake bi, koma kan gero da dawa da kuka, ka bar mana yaji.

Ai ma da ka san tarihin abin, da ka rage murya. Rok ɗa ne, uwarsa wani kiɗa da jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka suka raina a kudancin Amurka, ana ce masa blues. Karanta shi da bakin Bahaushe ka ji: bulus. Kuma wallahi an ci bulus ɗin. Samarin Ingila suka ɗauko shi, suka cika aljihu. Rolling Stones ma sunansu daga wata waƙar Muddy Waters suka samo shi. Led Zeppelin kuwa sai da tsoho Willie Dixon ya maka su a kotu a 1985 kan "Whole Lotta Love" kafin aka sasanta, aka sa sunansa cikin marubutan waƙar. Shi kansa Santana, "Jingo" da ke faifansa na farko a 1969 kiɗan Babatunde Olatunji ne, ɗan Najeriya. Ka ga ciniki ke nan, su suka aiko mana da barkono, mu muka aika musu da kiɗa. Ni bashi nake karɓowa a zaurena.

Har yanzu kana girgiza kai? To ji wannan. Na san in an ce Liverpool ƙwallo kake tunawa, amma garin Beatles ne tun kafin ka san bugun fanareti. Bayan sun watse a 1970, ɗaya daga cikinsu, Paul McCartney, ya rasa inda zai naɗi faifansa "Band on the Run" sai Legas, a 1973. Legas kuwa ta yi masa maraba irin tata. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa suka ƙwace har da kaset ɗin gwajin waƙoƙinsa, mawaƙi Fela kuma ya fito ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata, sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa abin da yake naɗa kafin ƙura ta lafa. Faifan ya fito ya zama cikin mafi shaharar ayyukansa. Kai kana cewa ba namu ba ne, alhali da zufar Apapa ta Legas aka dama shi.

In Legas ta yi maka nisa, hau motar Agadas. Bombino, Buzun nan mai jita, yana yaro a gudun hijira ya yi ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Knopfler yana kwaikwayo, ga shi ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy, da faifansa "Deran" na 2018. Mdou Moctar na jihar Tawa da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta farko, kuma bahago ne kamar Hendrix. Ka san inda ya naɗi faifansa na farko a 2008? Sakkwato. Yanzu Turawa ne ke layin tikiti don su ga mai rawani yana tayar musu da rok. Je ka gaya masa ba gadonsa ba ne, ina nan ina jiran ka dawo.

Ka ce masu abin nan 'yan ƙwaya ne? A nan kam ba zan yi maka gardama ba, ka ci wannan zagayen. Hendrix ya mutu a 1970 yana da shekara 27. Janis Joplin ta bi shi bayan 'yan makonni, ita ma 27. Jim Morrison ya cika na uku a 1971, shi ma 27. Rayuwa ce da ba zan yi wa ko maƙiyina fatan ta ba. Amma kai da kake sayen ƙosai kullum, ka taɓa tambayar mai suya takardar shaidar hali? Kiɗan na ɗauka, halin na bar musu. Abin da na fi sha in kaset yana juyawa shi ne kunun tsamiya, in abin ya yi tsanani in ƙara da zoɓo. A wajen ci ma ban bi su ba. Elvis Presley, wanda suke kira sarkin rok, abin marmarinsa burodi ne a shafe shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a jera ayaba a ciki, a soya. Ayaba, Malam! Sarki guda, da duk kuɗinsa, bai taɓa sanin daɗin ɗanwake da mai da yaji ba. Tausayinsa nake ji.

Ka ce waƙoƙin sun cika tsawo, "Stairway to Heaven" minti takwas cur? Yanzu mai sauraron Bakandamiyar Shata ne ke ƙorafin tsawo? Kai da in Ɗanmaraya ya kama kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba ka so ya ajiye, an ba ka tsirkiya shida kana duba agogo? Taliyar 'yan yara ce ta lalata ka, wadda ake jefawa a ruwan zafi a sauke kafin a gama sallama. Waƙar nan a hankali take farawa kamar an ɗora sanwa, ta yi ta ɗaukar zafi, sai can wajen ƙarshe ta tafaso ta yi ambaliya. Wanda bai iya jiran tukunya ba, ai gayan tuwo zai ci.

Saura ta ƙarshe, wadda uwargida ma take jifana da ita in ta zo ɗaukar kwano: wai tsohon yayi ne, kiɗan da ya kwana. Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ai da bakinki kika ba ni nasara. Mene ne ɗumame? Tuwon da ya kwana. Wa ya taɓa tsallake ɗumame ya zaɓi sabon tuƙi da safe, in ba baƙon da bai san gari ba? Kwanan nan da ya yi shi ne ya sa miya ta ratsa shi. Waƙar da aka yi yayin ta bara, yau ko mai ita ba ya son a tuna masa. Waɗannan kuwa sun haura shekara arba'in, wasu hamsin, ana ɗumama su ana ci, ba su yi tsami ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka, ɗan'uwa, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ban ce ka bar Shata ba, ni ma kaset ɗinsa yana cikin akwatin, kafaɗa da kafaɗa da Led Zeppelin, kuma ban taɓa jin sun yi faɗa ba. Asabar mai zuwa ƙyauren zaure a buɗe yake. Ka zo da wuri tun tuwo bai huce ba, ka wanke hannu, ka bar cokali a gida. In ƙafarka ta fara motsi a ƙarƙashin tabarma ba zan faɗa wa kowa ba, amma ka yi hattara da yaron nan nawa.