Adireshin Aro

Adireshin intanet na IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma tun 2011 babban rumbun ya ƙare. Shi ya sa kamfanin intanet ɗin gida ke sauya maka lamba yadda ya ga dama, ko ya cusa ku jingim, kai da wasu, a bayan lamba guda, abin da suke kira CGNAT. Fita kam kana fita, amma mai nemanka daga waje sai ya yi ta sallama ba amsa.

Dabarar magance wannan irin ta zamanin wasiƙa ce, lokacin da ake rubuta "ta hannun" mai akwatin gidan waya. Sai ka yi hayar lamba tsayayya wurin irin su Andrews & Arnold na Ingila, a haƙa ramin L2TP daga na'urar gidanka zuwa can, su riƙa karɓar saƙonka suna miƙowa.

Abin yana aiki kuwa, in ka yarda da biyan kuɗin wata kashi biyu. Sai dai in kana bakin layi kana son kyamarar tsakar gida ta nuna maka ko akuyar maƙwabta ta shigo, sai hoton ya je Ingila ya dawo tukuna. Ita kuma akuyar ba ruwanta, tana kan zogale.