Haikali, Labule da Kuɗin Siminti

Na san ku, masu karatuna na Samaru. Da an ambaci haikali sai ku gyara tabarau ku ce a kawo hujja, don kun saba tsare ɗalibai da tambaya a Jami'ar Ahmadu Bello. Na Sabon Gari kuwa tambayarsu ɗaya ce: nawa aka kashe? Ku zauna, kowa zai sami rabonsa.

Haikalin da ake magana a Urushalima yake, wato Ƙudus. Na farko Sulemanu ya gina, Babilawa suka rushe shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Na biyu Hirudus ya faɗaɗa, sojojin Roma suka ƙone shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya riga ya san tsarinsa: baƙo iyakarsa zaure, na gida ya wuce shigifa, turaka kuwa sai mai ita. Haka can ma, akwai filin baƙin al'ummai, da na mata, da na mazan Isra'ila, da na firistoci, sannan can ƙurya Wuri Mafi Tsarki, an tare shi da labule. Babban firist kaɗai ke wuce labulen nan, shi ma rana ɗaya a shekara, Ranar Kafara, da jinin hadaya a hannu.

Farfesa, na ga ka ɗaga gira, kana cewa ina ruwan wannan gini da Yesu? Ranka ya daɗe, ai nan maganar take. Kirista sun gaskata cewa Allahn da ake nema a bayan labule ne ya ɗauki jikin mutum ya zauna cikin mutane. Linjilar Yahaya, sura ta 2, ta ba da labarin ranar da Yesu ya ce a rushe haikalin, zai tashe shi cikin kwana uku. Masu sauraro suka buga lissafi, suka tuna masa shekara 46 ake wannan aiki. Da abokin wasanmu Bakano na wurin, da tuni ya nemi a ba shi kwangilar kawo yashi. Marubucin ya ce duk sun yi kuskuren fahimta, jikinsa Yesu yake nufi.

Batun ceto ma a labulen yake. Matiyu da Markus sun rubuta cewa da Yesu ya mutu a kan gicciye labulen ya tsage daga sama har ƙasa, masu wa'azi kuma ba sa gajiya da nuna cewa daga sama aka fara, inda hannun mutum bai kai ba. Wasiƙar Ibraniyawa ta ƙarasa zancen: shi ne firist, shi ne hadaya, sau ɗaya tak, ba sai an maimaita baɗi ba. Ƙofar turaka ta buɗe har ga wanda iyakarsa zaure.

Alhaji, na san ba ka yarda ba, a wurinka Annabi Isa ba a gicciye shi ba, ni kuma ban zo jan hannun rigarka ba. Sai dai in gardamar ta tashi a teburin mai shayi a Kwangila, ka kama Kirista da abin da suka faɗa, ya fi daɗin ci.

Kai kuma Dattijon ikilisiya, kada ka yi saurin dariya. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa masu bi su ne haikalin, Wahayin Yahaya kuma ya ce birnin ƙarshe ba haikali a cikinsa. To, ina dalilin tarin kuɗin gini kowace Lahadi? Majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa da ƙasa magina Hausawa suka ɗaga ta, tun lokacin da mishan ɗin Dakta Miller ya koma can daga cikin birni a 1929, tana nan tsaye. Za ka ce mini haikali mai rai ma ruwan Agusta na dukansa. Na yarda, a yi rufi. Amma tayil ɗin Italiya fa, Baba? Ga haikali can a bencin baya, tun safe bai karya kumallo ba, kun miƙa masa ambulan.