Gyara a Hannu ko Kujerar Makka a Baki?

Kowace ƙasa da irin tata jarrabawar. Mu a nan yammacin Kano, abin da ke damunmu bai wuce taki da farashin masara da yadda damina za ta kaya ba. Su kuwa mutanen Amurka, bayin Allah, abin da ke raba su da barci shi ne da wane kati za su biya kuɗin cefane. Katunan duk na bashi ne: ka kwashi kaya a kanti, banki ya biya, kai kuma ka biya banki ƙarshen wata. A kan tukwici ake rigimar. Wani katin zai mayar maka da ɗan canji daga abin da ka kashe, wani kuma ya rubuta maka maki, in sun taru ka hau jirgi ka tafi yawon buɗe ido. Sai ka ga magidanci da furfurarsa ya yi tsaye gaban kwandon albasa yana ƙirga da yatsu, shin albasar nan ta dawo masa da kwabo ne, ko kuwa ta matsa da shi taku biyu zuwa Faransa.

Ba yau suka fara ba. Tun 1950 katin Diners Club ya koya musu su ci yau su biya gobe. A 1981 kamfanin jiragen American Airlines ya ɓullo da tara maki, a 1986 kuma katin Discover ya bazu da alkawarin mayar da canji. Akwai ma wani katin American Express da ke mayar da kashi 6 cikin 100 na kuɗin cefane har dala 6,000 a shekara, amma fa sai ka biya shi dala 95 duk shekara kafin ya yi maka wannan alherin. Kada ka ce banki ne ya zama ɗan agaji. Duk gogar kati ɗaya, mai kanti na biyan la'ada ta wajen kashi 2 cikin 100, shi kuma tuni ya cusa ta cikin kuɗin albasar. Ragowar kuma daga jikin wanda wata ya ƙare bai biya ba ake yanka, da kuɗin ruwan da kan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. A 2023 bashin kati a ƙasar ya zarce dala tiriliyan ɗaya.

To, kafin mu ƙyalƙyale musu da dariya, bari mu leƙa gida. Bashi hanji ne, kuma daga Karaye har Rogo ban san cikin da babu shi ba. Katinmu dai ba na roba ba ne. Fuska ce, kuma ba a goga ta a na'ura, ta tagar shago ake miƙa ta bayan sallar magariba, lokacin da duhu ya fara rufa wa mutane asiri. A jikin ƙofar an rubuta da alli, "Ba bashi yau, sai gobe." A ƙarƙashin kanta kuwa ga littafin makaranta nan mai jan bango, gefensa ya sha man gyaɗa, an ɗaure masa biro da zaren buhu.

"Alhaji, barka da yamma. A ba yaran nan taliya biyu da magi da ɗan mai, a rubuta."

"Malam, shafinka fa ya cika."

"To a juya mana. Ai littafin bai ƙare ba."

Iyakar abin da za ka iya ɗauka ba wani ma'aikacin banki ke yanke ta ba, gonarka ce. A Rogo, in rakenka ya miƙe a fadama ya yi kauri, har madarar gwangwani za a rubuta maka ana fara'a. In kuwa mai shago ya bi ta gefen gonar ya ga masararka ta yi rawaya tun ba a je ko'ina ba, ko ashana ka nema sai ya ce ɗazun nan ta ƙare. Kuɗin ruwa kam babu, a'uzubillahi, mu Musulmi ne. Sai dai taliyar da aka rubuta da taliyar kuɗi hannu ba uwarsu ɗaya ba, kuma kowa ya san haka, ba mai ɗaga maganar. Wanda ya kasa biya ma ba a aika masa takardar gargaɗi. Shi da kansa zai gano cewa limamin masallacin can ƙasan layi ya fi daɗin ƙira'a, kuma hanyar bayan gari ta fi kusa da gidansa.

Mayar da canji kuwa, ai mu ne malaman Discover. Bahaushe zai yafe maka tsada, amma ba zai yafe maka rashin gyara ba. Mai kayan miya ya san wannan tun yana yaron shago. Da sassafe, lokacin da yake kasa tumatir, sai ya zare ɗaya daga kowane kashi ya tara a gefen buhu. Kai kuma ka zo da babbar rigarka ka yi ciniki har gumi ya keto maka, a zuba a leda, sannan ka langaɓar da kai: "Haba Malam, ba gyara?" Sai ya ja dogon numfashi, ya dubi sama, ya rantse cewa a haka ma faɗuwa yake, ya ɗauko tumatirin nan naka da ya ɓoye tun da safe ya jefa a ledar. Ka tafi kana jin ka ci kasuwa, shi ma ya bi ka da addu'a. Haka mai awo: ya cika tiya ya yi mata tozo, har ya tare da tafin hannu kada ƙwaya ta zube, alhali gindin tiyar ya sha guduma tun bara.

A bakin dam ɗin Challawa, mutum zai sayi tarwaɗa ta dubbai bai nemi ragi ba, amma a hana shi 'yan ƙananan kifi uku na gyara sai ya fasa cinikin, ya kuma shekara yana ba da labari. Akwai wanda zai tashi babur daga Karaye ya nufi Rogo don an ce masa masu albasar can sun fi sakin hannu. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, man da zai ƙona ya ninka kuɗin gyarar sau nawa, amma kada ka kuskura ka yi masa wannan lissafin, zai ce hassada kake. Shi ya sa 'yan kasuwarmu ke ƙaunar masu yi wa ƙasa hidima da ake kawowa sansanin Kusalla. Yaran kirki. A faɗa musu kuɗi su biya, ba tayi ba neman gyara, har da godiya.

Sai kuma waya ta shigo cikin lamarin. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, ita ta koya wa mai shayi da mai ƙosai karɓar tiransifa. Manhajoji irin su OPay da PalmPay suka cika wayoyin samari, suna mayar da 'yan nairori ga wanda ya sayi kati ko data. Wani ɗan ƙanena ya zame mana malamin fannin. "Kawu, ka daina sayen kati a hannu, asara kake. Ka ba ni in saya maka ta waya, akwai kashbak." Yanzu in ya ga an yi garaɓasa sai ya sayi datar da bai da buƙata, don a mayar masa da naira ashirin, sannan ya kwana yana kallon bidiyo don kada datar ta lalace. Gari na wayewa ya je wajen mai POS ya ba da ɗari a ciro masa dubu biyar, in kuma kuɗin da aka tura sun kai dubu goma, gwamnati ta ɗauki hamsin ɗinta. Duk wannan bai shiga lissafinsa. Ashirin ɗin nan ita ce ke sa wayar ƙara.

Ya ce mini tarawa yake, da sannu za ta kai shi Makka. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan takwas a 2025. A kan naira ashirin kullum, ba fashi ba ciwo, zai buƙaci kwana dubu ɗari huɗu, wato sama da shekara dubu, in har kujerar ta yi alkawarin tsayawa ta jira shi. Da na gaya masa, cewa ya yi ni ɗan zamanin da ne.

Waɗannan duk mutanen ƙwai a baka ne. 'Yan kaza a akurki su ne masu tara makin tafiya, kuma su suka fi ba ni sha'awa, don imaninsu ya fi ƙarfi. Kamfanin jirginsu shi ne Onarabul. Ana samun maki ta hanyoyi da dama: zuwa ɗaurin auren ƙanen direbansa, liƙa fastarsa a ƙofar gida har ta rufe lambar allurar rigakafi, zagin abokin hamayyarsa a Facebook da tsakar dare, riƙe masa takalmi a masallacin Juma'a. Wanda ya yi rantsuwa a bainar jama'a cewa ya ga rijiyar burtsatsen da ba a haƙa ba, nasa makin ninki biyu ne. Ladan da ake hange shi ne kujerar Makka, in ta yi wuya ta Umara, in ita ma ta faskara to ko babur ne. Babu takardar da ke nuna maki nawa ka tara. A zuciyar Onarabul suke, kuma zuciyar tana Abuja.

"Ranka ya daɗe, maganar nan tamu dai..."

"Haba, ai kana raina. Sunanka na cikin lis na biyu. Ka ga yaron nan, ya karɓi lambarka."

Lis na biyu! Wannan lis ya fi na farko tsawo, ya fi shi daɗewa, kuma har yau ba a samu wanda ya gan shi da ido ba. Kamfanonin jiragen Turawa kan wayi gari su ƙara yawan makin da tikiti ke ci, mai maki ya tashi ya ga nasa sun zama rabi. Namu ya fi sauƙi: Onarabul ya sauya jam'iyya, ko ya sauya layin waya, shi ke nan an share allo. Mu dai sauya doka ana tsakiyar wasa ba baƙonmu ba ne. Masarautarmu ta Karaye ma a 2019 aka ba ta sanda mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, cikin Yulin shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu da Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Wanda ya ga wannan, ba ya mamakin ɓacewar lis.

Abin da ya haɗa masu maki da cefane shi ne, da alkawarin kujerar suke cin tuwon dare. "Alhaji, a rubuta, da zarar Onarabul ya sallame mu zan share shafin gaba ɗaya." Mai shago ya rubuta ba musu, don shi ma yana lis na biyun.

Akwai fa hanyar da ba ruɗu a cikinta. A 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa da bankin Jaiz sun ƙaddamar da Adashin Gata a Kano, ka riƙa zuba naka da kaɗan da kaɗan har ya isa kujera. Amma ban cika jin zancensa a majalisar mai shayi ba. Laifinsa ɗaya: kuɗinka ne da kanka, babu banza a ciki, mu kuwa abin da ba mu ji ƙamshin banza a jikinsa ba bai cika burge mu ba.

In ana neman wanda ya fahimci harkar nan ciki da bai, a shiga cikin gida. Uwargida ba ta da kati, ba ta da manhaja, ba ta taɓa riƙe wa kowa takalmi ba. Maigida ya ajiye kuɗin cefane a kan tabarma yana ƙorafin tsadar rayuwa, ita kuma ta taya shi ƙorafin da gaske, ta zare nata kason tun kafin kuɗin su ga hasken rana. Ɗan aike ya zare nasa a hanya, ya dawo da magi biyu yana cewa wai ba canji. Nata kason ya wuce wajen uwar adashi, ranar kwasa ya zama tunkiya, tunkiya ta haihu, 'ya'yan suka zama kwanuka da katifar auren 'yarta. Miya kuwa ba ta fasa daɗi ba, don daddawa da kuka na rufa asiri.

Sai ranar da littafin mai shago ya ƙare da gaske, Onarabul kuma wayarsa a kashe. Maigida ya shigo da sallama mai taushi, ya zauna a bakin gado, ya yi gyaran murya.

"Maman yara, ko akwai 'yar dubu goma a kusa? Zuwa kaka ne kawai."

"Wallahi Malam, ni ina na ga kuɗi? Sai dai in tambayo maka wata ƙawata. Amma fa ita ba ta son a saɓa mata lokaci."

Ta shiga uwar ɗaka, ta ɗan jima don a ce an je an dawo, ta fito ta ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gaishe masa da ƙawar.