Jinjina da Tulun Tangaran

Tangaran, wato yumɓun da ake gasawa a zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye har ya sandare ya yi sheƙi, ya biyo sawun auduga zuwa wasu gidajen Funtuwa da Malumfashi, domin bayan da kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya girka injinan gurzar auduga a garuruwan biyu, Turawan da suka gama aiki sukan bar wa akawu da kuku abin da ya yi musu nauyin ɗauka. Cikin irin wannan gado akwai tulun furanni, mai faɗin ciki da matsattsen wuya, wanda aka ƙera don ya riƙe karan fure biyu ko uku, ba hannun baligi ba.

Wannan ƙa'ida ce wani saurayi manomin masara ya jarraba a ɗakin baƙi na surukinsa na gobe a Malumfashi, sa'ad da makullin babur ɗin da yake ta juyawa don fargaba ya suɓuce ya faɗa cikin tulun kakan yarinyar. Hannu ya shiga salin alin, ya damƙi makulli, ya ƙi fitowa, sai ga maigida ya yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Ladabi bai bar wa saurayin zaɓi ba. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ɗaga hannun dama don jinjina, tulu ya tashi sama da shuɗin zanensa yana rawa, makulli kuma, da yake ya sake kuɓucewa a ciki, yana amsa kowane "ranka ya daɗe" da ƙwal. Abin da ya tsawaita azabar shi ne dattakun surukin, wanda bai nuna ya ga komai ba, ya dinga jero gaisuwa daki-daki, ya tambayi gona, ya tambayi damina, ya tambayi mahaifa da ƙanne har da farashin taki, kowace tambaya kuwa sai tulun ya sake hawa ya sauka, alhali idon dattijon na bin sa sama da ƙasa bai ko kalli mai gaisuwar ba.

Daga bisani aka aiki yaro cikin gida ya karɓo ragowar miyar kuɓewa don santsinta ya zame hannun, amma kafin ya dawo maƙwabcin gidan, tsohon mai awon auduga, ya zagaya saurayin yana nazari.

"Yaro, ai da ka bar makullin ka tura babur ɗin zuwa Funtuwa, da yanzu ka yi nisa," in ji shi.

Da ya ga ba a tanka ba, sai ya juya ga maigida: "Alhaji, kada a fasa kayan tarihi. A ɗaura auren yau, a sa tulun cikin kayan ɗakin amarya, tunda ga shi ango ya riga ya ɗauka."