Yadda Ƙafafuna Biyu Suka Rufe Hanyar Tsafe

Likitan da yake duba ni a Gusau ya koya mini wata dabara, kuma ranar Asabar ɗin da ta wuce dabarar nan ta tsayar da zirga-zirga tsakanin ƙananan hukumomi biyu.

Zuciyar mai lafiya, in yana zaune, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Tawa takan yi zamanta lafiya lau, sai rana ɗaya babu sallama ta haura 180, ta yi ta gudu har ta gaji don kanta. Ga fargaba kuma tana yi mata rakiya: gabana ya faɗi zuciya ta tashi, zuciya ta tashi gabana ya ƙara faɗuwa. Bayan awo, likita ya miƙo mini sirinji mai cin mililita 10, babu allura a bakinsa. Ya ce in abin ya taso in kishingiɗa, in hura bakin sirinjin da ƙarfi na daƙiƙa 15 har sandar ciki ta motsa, nan take kuma in kwanta rigingine wani ya ɗaga mini ƙafafu sama na wasu daƙiƙa 15. An gwada hakan a asibitocin Ingila, sakamako ya fito a 2015: mutum 43 cikin ɗari zuciyarsu ta daidaita, alhali da hurawa kaɗai 17 ne. In ƙirji ya yi ciwo, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri ya nemi kayar da ni, ko bugun ya ƙi sauka, to asibiti kai tsaye. Ya hana ni goro, da shayi mai kauri, da lemon ƙarin kuzari. Duk wannan bayani ya yi shi ne a ɗaki mai fanka da gadon gwaji. Da gani bai taɓa shiga Golf ɗin Tsafe ba.

A Golf ɗin da na shiga ranar Asabar ɗin, mu bakwai ne har da direba. Ina baya a tsakiya, damana wani dattijo mai goro ɗan Bunguɗu, haguna wata Hajiya da kwandonta, can jikin ƙofa wani saurayi da waya.

Duk wanda ya san hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san yadda hira take mutuwa da zarar an bar dutsen Kwatarkwashi a baya. Ido ya koma daji. Direba yana lura da motocin da ke tahowa: in suna zuwa, hanya lafiya, in kwalta ta yi tsit, kowa ya kama salati. Mutanen da suka ga shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya har sai an je Funtuwa kafin a kira ɗan'uwa, ba sa ambaton Magazu ko Kucheri ko Wanzamai a cikin mota sai da addu'a a haɗe. To, a daidai nan zuciyata ta ga ya dace.

Na zaro sirinji na kafa masa baki. Kumatu suka cika, ido ya yi ja. Hajiya ta janye kwandonta ta ce, “Innalillahi, ɗan ƙwaya muka ɗauko.” Ban iya kare kaina ba, ina tsakiyar ƙirga. Da na kai goma sha biyar saura kwanciya, kuma babu wurin kwanciya a bayan Golf mai mutum huɗu. Da ragowar numfashina na ce, “Direba tsaya! Ga ta nan ta taso!”

Ba wanda ya tsaya tambayar wace ce ta taso. Direba ya take birki, ƙofofi huɗu suka buɗe lokaci ɗaya. Na gaba biyu suka faɗa gonar dawa. Saurayi ya bi su. Hajiya, wadda a tasha sai da 'yan kamasho biyu suka kama ta kafin ta shiga mota saboda ciwon gwiwa, ta tsallake kwalbati da kwando a kai. Ni kuwa na rarrafo na miƙe a gefen kwalta, na cilla ƙafafu sama ina kiran a zo a riƙe.

Direban nan, Allah ya saka masa da alheri, ya yi abin da ba kowa zai yi ba: ya dawo. A zatonsa harbi ya same ni. Ya cafki idon sawuna biyu ya fara jana zuwa daji kamar mai tura baro da baya, yana cewa, “Yi ta kalmar shahada, malam, yi ta yi!” Ni ina ihu, “Sama! Ɗaga sama, kar ka ja!” Babbar rigata ta zazzago ta rufe mini fuska. Takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Tsakuwa tana kankare mini baya, ina cikin duhun shadda, kuma har a lokacin ina ƙirga, ɗaya, biyu, uku, domin likita ya ce goma sha biyar.

Wannan hoton shi ne abin da motocin da ke tahowa daga Tsafe suka hango: mota a tsaye ƙofofi a wangale, mutane suna gudu cikin dawa, wani yana jan gawa. Ta farko ta juya a tsakiyar titi. Ta biyu ta bi ta tana haska wa na baya fitila. Sharon ɗin da ke biye da mu ta koma Kwatarkwashi da labari.

Ina kai goma sha biyar, zuciyata ta yi tsalle ɗaya ta koma tafiyarta ta kullum. Dabara ta yi aiki sarai. Da a ce na suma, da na samu abin nunawa. Sai ga ni kwance garau, babu ko ƙwarzane a gaba, direba riƙe da ƙafafuna yana haki, yana leƙen inda jinin yake.

Mutum ɗaya ne bai motsa daga kujerarsa ba, Baba mai goro. Ya fito a hankali, ya gyara hula, ya tsuguna a kaina ya yaye rigar.

“Ɗiyana, mi ya same ka?”

“Baba, zuciya ce take yi mini gudu.”

“Zuciya? Wanga ba ciwo na ba. Rashin goro na.” Ya kwance ganye, ya zaɓo fari, ya ɓare ya miƙo mini rabi. Na ce likita ya hana, goro ƙara mata gudu yake yi. Ya dube ni da tausayi. “Likita yaro na. Shekara hamsin ina cin goro, tawa ba ta taɓa gudu ba. Ko yanzu da kowa ya gudu, ka ga na tashi?”

Har yau ban samo amsar wannan ba.

Ya tauna, ya yi nazari, ya tambaye ni matana nawa. Na ce ɗaya. Ya tafa hannu. “To ga ciwon nan! Zuciya guda, tunani guda, ina za ta huta? Ka ƙara, ta rasa wanda za ta yi wa gudu.” Hajiya, da ta dawo tana ɗingishi, gwiwa ta tuno da aikinta, ta ce iska ce, a nemo garwashi a yi mini hayaƙi. Baba ya ce hayaƙi ba ya aiki sai da goro a baki. Suka shiga musu a kaina, ni ina ƙasa.

Ana haka motar jami'an tsaro ta iso da jiniya, an gaya musu an tare hanya. Babbansu ya karɓi sirinji, ya juya shi, ya shinshina, ya ɗaga shi ya duba a rana. Na yi masa bayanin Ingila da kashi 43. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Yi mu gani.”

Na sake hurawa. Na sake kwanciya. Direba ya sake kama ƙafafu, wannan karon ya ɗaga daidai, har yana gyara kusurwa. Layin motoci ya taru gaba da baya, kowa ya fito kallo, wani yaro mai tallar rake yana taya ni ƙirga. Daga cikin taron na ji muryar Baba yana gaya wa jami'in, “Yallaɓai, ku ba shi goro ku huta.”

Mai irin ciwona da zai bi wannan hanya ya gaya wa direba tun a tasha, ya nuna masa sirinjin, ya nemi kujerar bakin ƙofa. Wanda kuma bidiyon da aka ɗauka a wurin ya iso wayarsa a WhatsApp da rubutun “Allah ya jiƙan bawan Allah,” ni ne, ina raye, surukaina sun riga sun zo gaisuwa sun koma. Don Allah a daina turawa.